Naman shanun kiwo: albarkar ciyawa a cikin akushinmu

Hausawa suna yi wa saniya kirari da cewa nagge daɗi goma. Ana shan nononta, ana cin manta, ana cin namanta. Fatarta ta zama takalmi da guga, kashinta ya zama taki a gona. A wannan fili na lafiya da noma za mu tsaya a kan ɗaya daga cikin goman nan, wato nama. Za mu duba abin da naman saniyar da ta yi kiwo a daji yake ƙunshe da shi, da amfanin da yake yi wa jikin ɗan Adam, da kuma hanyar da zai bi ya kai ga bakin waɗanda suka fi bukatarsa.

Allah ya albarkaci ƙasar Nijar da bisashe. Ƙidayar da aka fara a shekarar 2005 ta samu shanu sama da miliyan 7 a cikin ƙasa. Muna da Azawak, shanun arewacin Tawa, waɗanda suka yi suna wajen nono. Muna da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho. Akwai Kuri a bakin tabkin Cadi, da Jalli a bakin kogin Kwara, da Gudali a wajen iyakar Sakkwato. Mafi yawan waɗannan shanu ciyawa ce abincinsu tun daga yaye har zuwa ranar da za a kai su kasuwa.

Duk da wannan arziki, binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasarmu a shekarar 2012 ya nuna cewa cikin yara 100 ƴan ƙasa da shekara 5, yara 73 suna da ƙarancin jini. Cikin mata 100 kuwa, 46 ne suke fama da shi. Ga garke a bayan gari, ga yaro ba jini a cikin gida. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya tsaya ya yi nazari a kansa.

Yadda ciyawa take zama nama

Mutum ba ya iya cin ƙarangiya ko gamba ya rayu. Cikinsa ba ya narkar da su. Saniya kuwa an halicce ta domin wannan aiki. Cikinta ɗaki huɗu ne. Babban ɗakin shi ne tumbi. A cikin tumbi akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa, waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke ruɓar da ciyawar da saniya ta haɗiye, su fitar da amfanin da ke cikinta.

Idan saniya ta ƙoshi sai ta kwanta a inuwa ta yi tuƙa. Tana dawo da ciyawar baki, ta sake tauna ta, ta gauraya ta da miyau, sannan ta mayar. Da haka ciyawar da ba ta da amfani ga cikin mutum take komawa jini da tsoka da kitse da nono.

Wannan babbar ni'ima ce ga ƙasa irin tamu. A arewacin Dakwaro da Tanut da Abalak ruwan sama ba ya isar gero a kowace shekara, amma yana isar ciyawa. Saniya ita ce take tattaro albarkar wannan faffaɗan daji ta kawo mana ita gida. Ba ta raba mu da hatsin rumbu ba, ga shi kuma ta ba mu cimaka.

Abin da nama yake ba jiki

Malaman lafiya sun kasa abinci gida uku. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da shinkafa da mai. Akwai mai kare jiki daga cututtuka, kamar ganye da ƴaƴan itace. Akwai kuma mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Naman shanu yana sahun gaba a wannan gida na uku. Ga abubuwa huɗu da yake ɗauke da su.

Na farko shi ne sinadarin gina jiki, wanda likitoci suke kira furotin. Da shi jiki yake gina tsoka, da shi yaro yake girma, da shi rauni yake warkewa. Giram 100 na dafaffiyar tsoka, wato yanki kamar tafin hannu, yana ɗauke da kimanin giram 26 na wannan sinadari.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe. Da shi jiki yake yin jan jini, jinin nan kuma shi ke kai iska ga dukkan gaɓoɓi. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci sai mutum ya riƙa jin kasala da jiri. Tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Yaro ya rasa kuzarin wasa, ya kasa riƙe karatu. Mace mai ciki kuwa tana shiga haɗari ranar haihuwa, domin jini kaɗan ta zubar sai ta galabaita. Gero da wake da ganye su ma suna da ƙarfe. Sai dai hanji ya fi saurin ɗaukar ƙarfen da ke cikin nama, ninki biyu ko fiye. Akwai wani abin mamaki kuma. Idan an sa ɗan nama a miya, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin tuwo da waken da aka ci tare da shi.

Na uku shi ne zinki. Yana taimakon girman yaro, yana ƙarfafa garkuwar jiki. Shi ne wanda ake ba yara a likita tare da ruwan gishiri da sukari idan suna zawo.

Na huɗu shi ne bitamin B12. Yana aiki wajen yin jini da kula da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ba a samun sa a gero ko wake ko ganye. Sai a abincin da ya fito daga dabba, kamar nama da nono da ƙwai da kifi.

Hanta kuwa rumbu ce guda. Ta fi tsoka yawan ƙarfe, sannan tana cike da bitamin A, wanda yake maganin dundumi kuma yake kare yara daga tsananin ƙyanda da zawo.

Naman ciyawa da naman hatsi

A wasu ƙasashe, kamar Amurka, ba yadda muke kiwo suke yi ba. Maraƙi yana fara rayuwarsa a kan ciyawa. Daga baya sai a kwashe su dubbai a zuba a manyan shingaye, a ɗura musu masara da waken soya har wata huɗu zuwa shida. Dabba tana ƙiba da sauri, kitse ya ratsa cikin tsokarta. A Ingila ma har an taɓa gauraya garin nama da ƙashi a cikin abincin shanu. Wannan ne ya yaɗa cutar haukar shanu, wadda aka gano a shekarar 1986. A shekarar 1996 hukumomin ƙasar suka bayyana cewa cutar tana iya kama mutanen da suka ci naman. Aka hallaka shanu miliyoyi.

Shi ya sa a yau mutanen waɗannan ƙasashe suke neman naman saniyar da ta ci ciyawa zalla, har suna biyan kuɗi fiye da na sauran nama. Abin da suke nema da tsada shi ne wanda mahautanmu suke ratayewa kowace ranar kasuwa.

Masana sun auna naman iri biyu, sun ga bambanci a wurare uku.

Da farko, naman ciyawa bai kai na hatsi yawan kitse ba. Tsoka ta fi yawa a cikinsa. Wannan alheri ne ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya da wanda jiki ya yi masa nauyi.

Na biyu, irin man da ke cikinsa ya bambanta. Ɗanyar ciyawa tana da wani mai da ake kira omega 3, mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Saniyar da take cin ɗanyar ciyawa tana tara shi a jikinta fiye da wadda aka ɗura wa hatsi, sau da yawa ninki biyu ko sama da haka. Amma a sani cewa kifi ya fi kowane naman shanu wannan mai nesa ba kusa ba. Wanda yake kusa da tabki ko kogi kada ya raina kifi.

Na uku, naman ciyawa ya fi yawan bitamin E da wani sinadari mai launin rawaya da ake kira karotin. Shi ne yake cikin karas da mangwaro da kabewa, kuma jiki yana mayar da shi bitamin A. Wannan sinadari ne yake sa man shanu na damina ya yi rawaya, na rani kuma ya yi fari. Shi ne kuma yake sa kitsen saniyar kiwo ya yi ɗorawa-ɗorawa. Wasu masu saye suna ƙyamar irin wannan kitse, suna zaton cuta ce. Alhali alamar ɗanyar ciyawa ce, musamman ga dabbar da ta manyanta. Abin gudu shi ne naman da rawaya ta game ko'ina, har jijiyoyi da gaɓoɓi da kayan ciki. Wannan alamar shawara ce, malamin dabbobi ne zai yanke hukunci a kansa.

Wajen sinadarin gina jiki da ƙarfe da zinki kuwa, naman iri biyu kusan ɗaya suke. Saboda haka duk naman da ya samu, in dai mai lafiya ne, yana gina jiki. Na ciyawa dai yana da ɗan fifiko, kuma shi ne Allah ya hore mana.

To, shanun turka fa?

Mutane da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa suna turke sa a gida wata uku ko huɗu, su sayar da riba. Mata ma sun riƙe wannan sana'a da kyau. Turka irin tamu ba ta yi nisa da kiwon daji ba, domin harawar wake da ta gyaɗa da ciyawa da kara su ne tushen abincin. Dusa da ƙwaryar auduga ƙari ne kawai.

Abin kiyayewa shi ne kada ƙarin ya rinjayi tushen. Idan aka cika wa sa hatsi ko ragowar tuwo farat ɗaya, tumbinsa yana yin tsami. Ƙananan halittun nan masu narkar da ciyawa su mutu, ciki ya kumbura, sa ya daina ci, wani lokaci har ya faɗi. A fara ba shi dusa kaɗan-kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali. Kullum a tabbata akwai harawa ko ciyawa a gabansa, da ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri ko kanwa ta lasa.

A guji sayen ƙwayoyi da allurai a kasuwa domin sa dabba ta yi saurin ƙiba. Irin wannan ƙiba ta ruwa ce, tana cutar dabbar, tana cutar mai ci.

Ciyawa ita ce uwar nama

Kowane makiyayi ya san shanu sun fi kyau da kaka. Sun sha ɗanyar ciyawa wata uku, sun je lasar gishiri a wajen Ingal, sun dawo gashi yana sheƙi. Naman wannan lokaci shi ne ya fi kowane albarka. Da rani ya tsananta sai ciyawa ta bushe. Karotin ya ƙone a rana, sinadarin gina jiki ya ragu ƙwarai. Kafin ruwan farko ya sauka, saniya ta cinye kitsen da ta tara, haƙarƙari ya fito. Mun ga abin da fari ya yi wa garkunanmu a 1973 da 1984, mun kuma ga asarar da aka yi a 2010. Wanda yake son nama mai kyau, sai ya fara da tattalin ciyawa. Ga hanyoyi biyar.

1. A yanki ciyawa tun tana kore, lokacin da ta fara fitar da kai, wajen ƙarshen damina. A shanya ta kwana biyu ko uku, a ɗaure, a adana a inuwa. Ciyawar da aka yanka tana kore ta fi wadda ta bushe a tsaye amfani sosai. Gamba da kyasuwa da komayya da gadagi duk suna yin kyau.

2. A tattara harawa da wuri, kafin ganyen ya kaɗe. A ɗora ta a kan rumfa, a rufe ta da zana ko kara. Harawar da aka bari a kan itace rana tana dukanta wata da watanni, rabin amfaninta ya tafi.

3. A bar gawo ya girma a gona. Shi ne itacen da yake fitar da ganye da rani, lokacin da sauran suka kaɗe. Ƴaƴansa abinci ne mai gina jikin dabba, gero kuma yana yin kyau a ƙarƙashinsa. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙe sassabe na zamani, suna barin ƴan itatuwa su tofo a gonakinsu, sun ga amfanin haka da idonsu.

4. A yi kokowa da gobarar daji. Wuta ɗaya tana cinye abincin garke ɗari a yini guda. A fito aikin share hanyoyin tare wuta da zarar ciyawa ta fara bushewa. Mai shan taba da mai dafa shayi a daji su kashe wutarsu kafin su tashi.

5. A tumɓuke garmani kafin ya zubar da iri. Wannan haki ya mamaye burtali da filayen kiwo da yawa a kudancin ƙasa, ya kore ciyawa mai daɗi, shanu kuma ba su damu da shi ba. Inda aka cire shi, a watsa irin ciyawa mai amfani.

Akwai kuma haƙƙin da doka ta ɗora wa kowa. Tun shekarar 1961 aka shata iyakar noma daga arewa, domin a bar wa bisashe wurin kiwo. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar da cewa burtali da mashaya da filin kiwo na jama'a ne. Manomin da ya cinye burtali ya toshe hanyar takin gonarsa da nonon furarsa. Makiyayin da ya saki dabbobi cikin amfanin gona ya ɓata hatsin da shi ma zai saya. Idan saɓani ya taso, a kai shi gaban sarakuna da kwamitin kula da filaye tun bai yi girma ba.

A cikin gari kuwa babbar abokiyar gabar saniya ita ce leda. Dabbar da take yawo a juji tana haɗiye leda, ta taru a tumbi ta dunƙule. Sai a ga dabba tana ramewa ba a san dalili ba. Mahauta suna ciro ta tuli-tuli. Saniyar juji ba saniyar ciyawa ba ce. A tsare dabbobi daga bola, a rage zubar da leda.

Dabba mai lafiya, nama mai lafiya

Ciyawa komai kyanta ba ta hana cuta shiga garke. Rigakafi ya fi magani. Tsofaffi suna tuna ɓarnar da bushiya ta yi wa shanu a da. Allurar rigakafi ce ta kawar da ita, har aka bayyana a shekarar 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ciwon huhu da ciwon saifa da harbin daji kuwa suna nan. Idan malaman dabbobi suka fito rigakafi, a kai garke duka, kada a ɓoye ko ɗaya.

Idan an yi wa dabba allura ko an ba ta magani, akwai kwanakin da za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta. A tambayi malamin dabbobi yawan kwanakin, domin kowane magani da nasa. Wanda ya ci naman da magani bai fita ba, yana shan maganin da ba a rubuta masa ba. A hankali sai ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da aka bukace shi a likita ya ƙi aiki.

Akwai wata al'ada mai haɗari. Dabba ta kwanta ciwo, sai a yi maza a sa mata wuƙa domin kada a yi asara, a raba naman da araha. Ciwon saifa yana kama mutum ta wannan hanya. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura, ba ya daskarewa. Irin wannan dabba ba a feɗe ta, ba a taɓa fatarta. A sanar da malamin dabbobi, a binne ta a rami mai zurfi. A shekarar 2016 zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya ɓulla a wajen Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa. Dabbobi suka yi ta ɓari, mutane da dama suka rasu, yawancinsu makiyaya masu taɓa jini da ɓarin dabbobi marasa lafiya. Asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi bisa ga asarar rai.

Mai sayen nama ya lura da waɗannan abubuwa. Ya nemi naman da aka yanka a mayanka, wanda malamin dabbobi ya duba ya buga wa hatimi. Tsoka ta kasance ja mai haske, ba ta wari, ba ta yauƙi. Idan an ga ƴan ƙwayoyi farare a cikin tsoka, kamar ƙwayar shinkafa, ƴaƴan tsila ne. Hantar da ta yi tauri ko take da tsutsa, da huhun da yake da ƙulli-ƙulli, a bar su. A gida kuma a dafa nama ya nuna har ciki, kada a bar ja a tsakiya. A wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan an yanka ɗanye. Tsire da balangu a ci su da zafinsu, a kankare inda ya ƙone ya yi baƙi.

Wa yake cin naman?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A gidaje da yawa, idan nama ya shigo, tsoka ta maigida ce da baƙinsa. Yara su samu romo da ƙashi. Uwargida, wadda ta dafa, ta lashi ludayi. Wani magidanci kuma yakan tsaya wurin mai tsire da dare ya ci na ɗari biyar shi kaɗai, ya goge baki ya shiga gida. Alhali a cikin gidan nan, shi ne jikinsa ya fi kowa ƙarancin bukatar ƙarfe.

Waɗanda suka fi bukata su ne yaro daga wata 6 zuwa shekara 2, da mace mai ciki, da mai jego, da budurwar da ta fara al'ada, da wanda ya tashi daga ciwo. Jariri yana zuwa duniya da guzurin ƙarfe daga jikin uwarsa. Guzurin nan yana ƙarewa wajen wata 6. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a ci gaba da shayarwa, a haɗa da abinci, kuma a riƙa ba shi nama ko kifi ko ƙwai kullum in da hali. Kunun gero tsararo ba ya isar yaro. Daga nan tamowa take samun ƙofar shiga.

Wasu suna cewa idan an saba wa yaro da nama ko ƙwai zai yi kwaɗayi, har ya yi sata. Wannan magana ba ta da tushe. Tarbiyya ita ke hana sata. Wasu kuma suna cewa yaro ba shi da haƙoran tauna nama. Turmi yana nan, shi ne haƙoran yaro. A kuma sani cewa romo daɗi ne da ƙamshi, amma ƙarfe da sinadarin gina jiki suna zaune a cikin tsokar. Wanda aka ba romo kaɗai an ba shi ƙanshin abinci ne.

Ga waɗanda suke da hali, musamman mazauna birni, akwai gargaɗi na daban. Yawan cin jan nama kullum yana da nasa lahani ga zuciya da hanji. Masu binciken ciwon daji sun ba da shawara kada babban mutum ya wuce giram 500 na dafaffen jan nama a sati, wato rabin kilo. Wanda Allah ya buɗa wa, ya rage nasa ya ƙara wa na ƙasa da shi.

Dubarun da kowane gida zai iya

Nama yana da tsada, wannan gaskiya ce. Shanunmu da yawa ma Najeriya ake kora su. Amma jikin yaro ba ya bukatar kilo. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi tuli guda ranar salla.

1. Garin nama. Mu mutanen kilishi ne, har kilishin Nijar ya samu takardar shaidar asali a shekarar 2023. Wannan sani na shanya nama zai yi wa yara amfani. A samu tsoka marar kitse, a dafa, a yayyanka siriri, a shanya ta bushe ƙayau a inda ƙuda ba ya sauka. A daka ta zama gari, a zuba a gwangwani mai murfi. Kullum a sa cokali ɗaya ko biyu a kunun yaro. Kada a sa yaji, gishiri ma kaɗan.

2. Hanta sau ɗaya a sati. Ɗan yanki kamar yatsa biyu, a dafa, a murƙushe wa yaro a cikin fate ko kunu. Mace mai ciki ta tsaya ga ɗan kaɗan, musamman a watanni ukun farko, domin bitamin A idan ya yi yawa yana cutar ɗan tayi. Tsoka da zuciya sun fi dacewa da ita.

3. Watanda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi dabba da kaka, lokacin da take da ƙiba, a yanka a mayanka, a raba. Ƙungiyoyin asusu na mata, irin su Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya sa wannan cikin tsarinsu.

4. A haɗa nama da abin tsami. Lemun tsami da tumatir da gwaba da garin ƴaƴan kuka suna taimaka wa hanji ya ɗauki ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi. A jinkirta shayi kamar awa ɗaya ko biyu bayan an ci abinci, kuma kada a saba wa ƙananan yara da shi.

5. Kada nama ya hana zuwa likita. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shanye jini. A kwana cikin gidan sauro, a ba yara maganin tsutsa idan lokaci ya yi.

Jama'a, makiyayi ya sha rana da ƙishirwa kafin saniya ta yi nama. Manomi ya bar mata burtali da kara. Malamin dabbobi ya yi mata rigakafi, mahauci ya yanka ya kawo kasuwa. Saura aikin maigida da uwargida a bakin tukunya. Idan an zo rabon nama, a fara da ƙaramin yaro da mai ciki da mai jego. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa, a kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.